Ramin Kurege Mai Ƙofa Biyu

Ga ta nan, ga ta nanku, ta taho da jelarta a tsaye!

Ta ƙaraso mu ji ta.

To, ku gyara zama. A wani daji akwai ƙananan hukumomi biyu, Tudu da Gangare, dogon tsauni ya raba su. Bayan girbi kowace dabba takan ba da mudun gero, harajinta ke nan. Wanda ya biya a Tudu a shafa masa shuni a jela, wanda ya biya a Gangare a shafa masa lalle.

Shi kuwa Kurege jelarsa fes, ko ɗigo babu. Raminsa ya ratsa ƙarƙashin tsaunin, ƙofa ɗaya a Tudu, ɗaya a Gangare.

Malam Kunkuru, mai karɓar harajin Tudu, ya zo ya yi sallama. "Kurege, mudunka."

"Ayya Malam, ai ni ɗan Gangare ne. Nan tagar shan iska ce kawai."

Hajiya Bushiya, mai karɓar na Gangare, ta zo ta yi sallama. "Kurege, mudunka."

"Ayya Hajiya, ai ni ɗan Tudu ne. Nan tagar shan iska ce kawai."

Shekara uku yana shan iska, yana cin geronsa, yana yi wa masu jela mai launi dariya. "Ku dai ku yi ta ciyar da hukuma," in ji shi, "mu ga abin da za ta haifa muku."

Ashe kuwa tana da ciki. Giwa, shugabar Tudu, ta ɗauki ma'aikata ta ciyar da su da geron nan. Ɓauna na jan duwatsu, gara na kwaɓa laka, aka gina madatsar ruwa a gindin tsauni. Gangare kuma ta share fili, ta yanka shi gona-gona, ta yi hanya har kasuwa.

Rani ya tsaya, rafuka suka ƙafe. Wata safiya Kurege ya leƙo ta ƙofar Tudu, sai ya ƙame. Ruwa! Ruwa iya ganin ido, a watan da ko kwaɗo ba ya samun na wanka. Gajimare na kwance a cikinsa, kifi na tsalle. Ya murza ido, ya sake dubawa.

"Tsarki ya tabbata ga Allah," ya ce a hankali. "Mudu-mudun nan ne ya zama teku?"

Sai ga mai shela: za a raba gonakin noman rani, amma sai mai launi a jela. Kurege ya waiga ya dubi tasa. Fes. Ga rumbunsa ya kusa ƙarewa, ga damina da nisa.

Amma hukumomin suna da matsala. Ruwa na Tudu, gonaki na Gangare, tsauni a tsakani. Aka sa ranar taro a filin Gangare, a san yadda za a yi.

Kurege ya ce a ransa, "Su yi ta taro. Ni zan huda 'yar ƙofa kamar yatsa daga ramina zuwa madatsa, ruwa ya ɗiɗɗigo mini bayan gida, in shuka albasa ni kaɗai. Duk mai son miya a dajin nan sai ya durƙusa mini."

Ran taro ya shiga haƙa. Ya haƙa, ya haƙa, ƙasa ta yi laushi. Ya haƙa, ya haƙa, ƙasa ta yi sanyi. Ya sa farce ɗaya.

Buuum!

Ruwa ya kwashe shi, ya kwashe tabarma, ya kwashe ɗan geron da ya rage, ya bi da su ta ƙarƙashin tsauni, ya tofo Kurege ta ƙofar Gangare, tim, a gaban Giwa.

Kunkuru ya miƙo wuya. "Ranki ya daɗe, wannan ɗan Gangare ne."

Bushiya ta ce, "Ɗan wa? Ni ce mini ya yi ɗan Tudu ne!"

Suka dubi juna, suka dubi jelar.

Amma babu wanda ya taɓa shi, don kowa ya juya yana kallon gonaki. Ruwan ya shiga gonar farko, ya cika ta, ya zarce ta biyu, ya zarce ta uku. Busasshiyar ƙasa na sha tana tsiii, ƙamshin damina ya tashi a tsakiyar rani. Tsohuwar barewa ta fashe da kuka.

Nan Kurege ya karkaɗe jiki, ya gyara murya. "Ranki ya daɗe, shekara uku ina wannan aiki a ɓoye. Wasu sun ba da gero, ni na ba da gidana. Harajina ke nan."

Giwa ta dube shi. "Madalla da ɗan ƙasa nagari," ta ce. "Mun karɓa. Daga yau raminka magudanar hukuma ne, kai ne mai yashe shi. A ba shi gona. Kuma tunda shi ɗan Tudu ne, ɗan Gangare ne, a shafa masa shuni, a shafa masa lalle, baɗi ya kawo mudu biyu."

"Biyu, ranki ya daɗe?"

"Ko akwai taga ta uku?"

Kafin wata uku Gangare ta zama kore shar. Albasa, tumatir, attaruhu, raƙuman fatake a jere kan sabuwar hanya har kasuwa. Kurege ya sayar da albasarsa, ya auna mudu biyun baɗi yana tsaki, yana kuma satar kallon gonakin.

Shi ya sa har gobe za ku gan shi a bakin hanya, tsaye kan ƙafa biyu, hannu a ƙirji, baki a sake. Wasu sun ce mamakin bai sake shi ba. Wasu sun ce Kunkuru yake hange ta dama, Bushiya ta hagu.

Kurunkus kan kurege jiƙaƙƙe! Mai son ɓoye wa haraji ya yi wa gidansa ƙofa biyu, amma ya fara koyon iyo.