Dalilin da Ya Sa Kasuwar Gangaren Marke Ba Ta Ci Ran Lahadi

Dalilin da ya sa garuruwan da ke kewaye da mu suke saye da sayarwa ran Lahadi, amma nan Gangaren Marke ko gishirin miya ba mai sayar maka, kuma ko a sauran ranaku ba a buɗe randar burkutu sai rana ta faɗi, ba wai don mutanenmu sun fi kowa tsoron Allah ba ne. Ku gyara zama, yara, ku ji yadda abin ya faru.

A da can, tun ba a yi gadar da kuke bi kuna zuwa makaranta ba, Lahadi ce ranar kasuwar garin nan. Kasuwa ce ta kirki. Masu zuwa coci da sun tashi sai su gangaro da kayansu na ado, Musulmi su baje hajarsu a rumfuna, Maguzawa su sauko daga tsauni da dawa da awaki. Amma waɗanda suke cika kasuwar su ne mutanen hayi, matan da ke kawo daddawa da man gyaɗa da kifi busasshe. Su kuwa ba su da hanyar zuwa sai ta kogi, a cikin kwale-kwale.

A bayan kasuwa, ƙarƙashin wata itaciyar marke, nan masu burkutu suke zama. Babbarsu wata mata ce mai suna Ladingo. Gajera ce, mai faɗin kafaɗa, mai dariya da ƙarfi. Wurin kakarta ta koyi dafa giya, kuma duk ƙasar an san ba mai hannu irin nata. Ladingo ta san da haka, kuma tana jin daɗin a faɗa.

Tana da ƙane guda, Nomau, wanda ta goya tun da uwarsu ta rasu. Shi ne mai fiton garin, wato mai haye da mutane kogi. Nomau yana shan burkutu, harshensa kuwa ba ya kuskure, da ya kurɓa zai gaya maka ko dawar bana ce ko ta bara. Amma yana da ƙa'ida guda da ya gada wurin ubansa: ba ya kai ƙoƙo bakinsa sai ya haye da mutum na ƙarshe ya ɗaure jirgi. Kowa ya san wannan, Ladingo ta fi kowa sani.

Ana nan sai wata mata mai suna Kyallu ta auro garin daga kudu. Ita ma mai dafa burkutu ce, ta kafa randarta kusa da ta Ladingo. Da farko Ladingo ba ta kula ba. Sannu a hankali ta ga mutanen da suka saba zama a tabarmarta suna gusawa. Wani ya ce na Kyallu ya fi zaƙi. Wani ya ce ba ya sa ciwon kai. Kyallu ba ta taɓa gaya mata maganar banza ba, kullum sai ta rusuna ta ce, “Yaya Ladingo, ina kwana?” Wannan gaisuwar ma ta riƙa yi wa Ladingo zafi.

Wata Lahadi a tsakiyar damina, an kwana ana ruwa a tsaunuka, kogi ya cika ya yi ja. Duk da haka matan hayi sun zo, domin Nomau ne ke riƙe da gorar tuƙa jirgi. Da rana ta take, gardama ta ɓarke a gindin marke. Mashaya suka rabu biyu, waɗannan suna cewa Ladingo, waɗancan suna cewa Kyallu. Wani tsoho ya ce, “Ladingo, zamaninki ya wuce, ki haƙura.” Aka tuntsire da dariya.

Daidai lokacin Nomau ya hauro daga bakin kogi zai sayi rogo. Ladingo ta ƙwala masa kira.

“Nomau, zo ka raba mana gardama. Ɗanɗana wannan, ka ɗanɗana wancan, ka gaya wa mutanen nan gaskiya.”

Nomau ya yi murmushi ya ce, “Yaya, kin san ban ɗaure jirgi ba. Bari yamma ta yi.”

“Da yamma duk sun watse. Yanzu nake so.”

“Kogi ba daɗi yau, Yaya.”

Ladingo ta miƙe da ƙoƙon a hannu, idonta ya kawo ruwa don haushi. Ta ce, “Ni na goya ka a bayan nan. Yau ana yi mini dariya a tsakiyar kasuwa, kurɓi ɗaya ya gagare ka?”

Kyallu ta ce a hankali, “Yaya, ki bar shi. Ni na yarda naki ya fi.”

“Ban roƙe ki ba,” in ji Ladingo.

Nomau ya dubi yayarsa, ya dubi jama'a, sai ya karɓa. Ya kurɓi na Ladingo, ya kurɓi na Kyallu, ya tsaya yana lasar leɓe. Aka ce ai bai ji da kyau ba, a ƙara masa. Aka ƙara. Wani ya ce na farkon daga saman randa aka ɗebo, a ɗebo daga ƙasa. Aka ɗebo. Mutumin da tun asuba yake tuƙi a rana, cikinsa ba komai. Can ya goge baki ya ce, “Na Yaya ne.” Wuri ya kaure da shewa, Ladingo ta yi guɗa, ta cika masa wani ƙoƙon na tukwici, ya shanye.

Da la'asar hadari ya taso, matan hayi suka kwashi kayansu suka nufi kogi da sauri. Da Nomau yana cikin hankalinsa, da ya raba su sahu biyu kamar yadda ya saba. Ran nan sai ya ce, “Ku shigo duka, ba komai.” Suka shiga da ƙwaryarsu da buhunan gishiri, jirgi ya nutsa har ruwa na taɓa bakinsa. Da suka kai tsakiya, inda igiyar ruwa take da ƙarfi, ya soka gora ya kuskure ƙasa. Jirgi ya juya, ya kife.

Ladingo tana wanke ƙoƙuna ta ji kururuwa. Ta ruga bakin kogi ba ɗankwali. Ta ga Nomau ya fito da wata mata ya ajiye ta a kan yashi, ya koma. Ya sake fitowa da wata, yana haki. Ruwan sanyi ya wartsake shi sarai. Ta kama hannunsa ta ce, “Nomau, ƙarfinka ya ƙare, tsaya!” Ya dube ta, ya fizge hannunsa ya sake faɗawa. Wannan karon bai fito ba. Matan da aka ceto ba su kai rabin waɗanda suka shiga jirgin ba.

Bayan an gama zaman makoki, mai gari Arzika ya tara jama'a a ƙofar gidansa. Mutanen hayi suka zagayo ta wani mashigi mai nisa suka zo. Babbansu, Korau, wanda matarsa da 'yarsa suka tafi a ruwan, shi ya yi magana.

“Ranka ya daɗe, ba mu zo neman fansa ba, wanda za mu kama ya riga ya bi su. Abin da muka zo faɗa shi ne, daga yau ba wanda zai sake haye kogin nan ran Lahadi daga garinmu. Mun rantse.”

Wasu suka fara cewa a kori Kyallu, ai kafin ta zo ba a taɓa yin haka ba. Ladingo ta taso daga cikin mata ta durƙusa gaban mai gari. Muryarta ta dishe, da ƙyar ake jin ta.

“Ranka ya daɗe, yarinyar nan cewa ta yi in bar shi, kowa ya ji. Ni na miƙa masa ƙoƙo. Ku kuma da kuke zaune nan, ba wanda ya riƙe hannuna, tafi kuka yi. Ina roƙon abu guda: a hana sayar da giya a garin nan sai jirgi ya daina tafiya.”

Ba wanda ya ɗaga kai. Sai mai gari ya ce, “An hana. Wanda ya buɗe randa kafin faɗuwar rana, a fasa ta.”

Kasuwa kuwa ba a yi niyyar taɓa ta ba. Lahadin da ta biyo baya mutane suka fito kamar kullum, suka baje kaya. Sai dai wurin masu daddawa ba kowa, wurin masu kifi ba kowa. Mahauci ya rataye nama ya tsaya yana kallon hayi. Wata tsohuwa ta zo sayen mai, ta tsaya inda ƙawarta take zama, sai ta fashe da kuka. Kafin azahar kowa ya naɗe tabarmarsa ya koma gida. Lahadi ta gaba ma haka. Daga nan mai gari ya sa aka yi shela, an mai da kasuwa ran Litinin, Lahadi kuwa an bar wa waɗanda ruwa ya ci, ba saye, ba sayarwa.

Kasuwar Litinin ba ta taɓa kama ƙafar ta da ba, fatake da yawa sun canza hanya. Ladingo ba ta ƙara jiƙa dawa ba har ta mutu. Ta koma saƙar faifai, ta tsufa ita kaɗai, kuma a ƙarshen rayuwarta Kyallu ce take kai mata tuwo. Ba a sake jin dariyarta a garin nan ba.

Shi ya sa har yau, ko da yake an yi gada, kwale-kwale ya zama labari, in Lahadi ta zo za ku ga shaguna a rufe, rumfunan kasuwa sai awaki. In baƙo ya tambaye ku ko dokar addini ce, ku ce masa a'a, makoki ne muke yi, ba mu gama ba tukuna.