Hoton da ke Ƙofar Gidan Ƙarfe

Akwai wani matashi a unguwar Gamkalley mai suna Gideyon, wanda ba ya iya ganin damtsen abokinsa Illo ba tare da ransa ya sosu ba.

Tare suka fara zuwa gidan ɗaga ƙarfe na Malam Dauda. Tare suka sayi kiriyatin, wannan farin garin da masu ɗaga ƙarfe ke damawa da ruwa. Amma Illo ya buɗe ƙirji, shi kuwa Gideyon har yanzu rigarsa na yi masa yawa. Kowa ya shigo Illo yake yabo, Gideyon yana gefe yana murmushin dole.

Sai Malam Dauda ya ce zai yi sabon allo a ƙofa, kuma wanda ya fi ɗaga nauyi ranar Asabar, hotonsa za a sa. Gideyon ya ƙudurta ko ta halin ƙaƙa fuskarsa ce za ta hau allon nan.

Ya ja Illo gefe ya tambaye shi sirrin. Illo ya nuna masa ɗan cokalin da ke cikin gwangwanin garin, ya ce ɗaya yake sha a rana, kamar gram biyar, ya bi da ruwa sosai, ya ci abinci, ya yi barci.

Gideyon ya kalli cokalin, ya kalli damtsen.

"Haba aboki, wannan ɗan abin? Ɓoye mini kake, don kar in kamo ka."

Illo ya rantse masa, amma mai hassada ba ya jin rantsuwa. Gideyon ya koma gida ya jefar da cokalin, ya ɗauko kofin shayi. Ya cika shi da garin ya sha da safe, ya cika da rana, ya ƙara da yamma. Ruwa ma ya rage sha a wannan zafi, wai kar ya tsinka masa ƙarfin garin.

Yayarsa Na'omi ta ce masa jiki ba ya riƙe fiye da abin da yake buƙata, sauran kuwa ciki ne zai wahala da shi. Ya ce ita ma bayan Illo take.

Ranar Asabar wuri ya cika. Gideyon ya sunkuya ya kama ƙarfe, sai cikinsa ya murɗa kamar ana matse wanki. Ya saki ƙarfen ya nufi makewayi da gudu. Daidai lokacin Illo ya ɗaga nasa, mai hoto ya danna.

Allon yana nan a ƙofa. Illo a tsakiya, hannu sama. A ƙuryar hoton kuwa, ga wani a duƙe, riƙe da ciki, takalmi ƙafa ɗaya.

Gideyon dai ya hau allon, kuma duk unguwa sun gane rigar.

Darasi: Hassada kan sa ka ƙaryata wanda ya faɗa maka gaskiya. Kiriyatin gram uku zuwa biyar a rana ya isa, da ruwa wadatacce, mai ciwon ƙoda kuwa ya fara ganin likita. Ka tura wa abokin nan naka da ya raina cokali.