Ƙullin Kaba da Haƙorin Dodo

Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya matso jikina.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

To ku kasa kunne. Ke Hansatu, sakar mini zani, don ke nake yin ta. Ɗazu ina kallonki kika juye wake a tukunya ko leƙa shi ba ki yi ba.

Wani gari ne can a gindin dutse, ba su da rijiya ko ɗaya, sai tafki guda. A cikin tafkin nan kuwa akwai Dodo. Baƙi ne wuluk, idanunsa kamar garwashi, in ya ja numfashi sai ruwa ya janye daga gaɓa. Sharaɗinsa da mutanen gari ɗaya ne. Kowace kaka a kawo masa akushin tuwon shinkafa kafin inuwar kukar bakin tafki ta taɓa ruwa. Wadda ta tuƙa ita za ta kai, ta tsaya a gabansa har ya cinye. In ya ci lafiya, a sha ruwa shekara guda lafiya. In haƙorinsa ya yi karo da tsakuwa, to mai tuwo ita ce naman miya.

Mutanen garin ba sakarkaru ba ne. Sun ɗora gyaran shinkafar a hannun tsofaffin mata, babbarsu Gwaggo Ladingo. A gidanta can ƙarshen gari ake bakacewa, a tsince, a rege da ruwa, a shanya, a zuba a taiki. Sannan Gwaggo ta ɗaure bakin taikin da kaba, ƙulli uku. Ƙullin nan shi ne shaida. Duk wadda aka kai wa taiki, nata kawai ta kwance ta juye a tukunya. Sake dubawa? Ai wannan zagi ne, kamar ka kalli uwarka ka ce mata makauniya.

Amma duk da haka, shekara bakwai a jere, Dodo na kai loma sai a ji ƙas! Haƙori bakwai suka karye, mata bakwai suka tafi. Mutane suka ce ƙaddara ce, suka ci gaba da ɗiban ruwa.

Ku tambaye ni wa ke ɗaukar taikin daga gidan Gwaggo. Gizo ne. Shi ya kawo kansa, ya ce ƙafa takwas ta fi biyu sauri. Hanyar kuwa ta bayan dutse take bi, inda ruwan damina ke tara farar tsakuwa ƙanana, kai ka ce ƙwayar shinkafa ce. A nan Gizo yake sauke kaya, ya kwance kaba, ya ɗebi abin da zai kai wa matarsa Ƙoƙi. Sai ya cike gurbin da tsakuwa da yashi da duk tarkacen da hannunsa ya kai, ya mayar da ƙulli uku kamar ba a taɓa ba.

A shekara ta takwas zagaye ya faɗo kan wata mata ana ce mata Tabawa. Yayarta Yalwa ce ta bakwai da Dodo ya haɗiye. Tabawa na da goyo, 'yar jaririya Talatu, ko zama ba ta fara ba. Ga shi haƙori ɗaya ya rage wa Dodo, ya kuma faɗa da bakinsa kowa na ji: in wannan ya karye, da uwa da abin da ke bayanta zai haɗa.

Ranar da hantsi Gizo ya yi sallama, ya dire taiki a tsakar gida.

Ya ce, "Uwar Talatu, ga kayan arziki. Dubi ƙulli, uku cif. Juye kawai, Allah ya sa a dawo lafiya. In ma ba a dawo ba, akuyar nan taki zan riƙe miki amana."

Tabawa ta kwance kaba, sai 'yan ƙwayoyi suka zube ƙasa. Kazarta ta rugo ta kai baki. Ƙas! Ta furzar, ta girgiza kai.

Ta ce, "Uwar ɗakina, ni kaza ce, tsakuwa ba baƙuwata ba ce. Wannan ba shinkafa ba ce."

Tabawa ta rage murya. Ta ce, "Rufa mini asiri, Kaza. Taikin da Gwaggo ta ƙulle?"

Kaza ta ce, "Ni ban ga Gwaggo a ciki ba. Tsakuwa na gani."

Tabawa ta dubi taiki, ta waiga ta dubi Talatu tana barci a bayanta, baki buɗe. Ta tuna Yalwa, ita ma haka ta juye ba ta duba ba, don kunya. Sai ta miƙa hannu ta ɗauko faifai.

Gizo ya yi tsalle. Ya ce, "Kai! Kai! Me za ki yi? Bari in kira miki Gwaggo ta ga rashin kunya da idonta!" Ya fita a guje.

Tattabara ta sauko daga kan danga ta ce, "Ɗaga sama, ni zan ba ki iska." Tabawa na bakace, Tattabara na kaɗa fiffike. Ƙaiƙayi ya tashi, busasshen ganye ya tashi, sai ga ƙayoyin bagaruwa masu tsini sun taru a bakin faifai. Ta tattara su a 'yar ƙwarya.

Daga can tafki wata murya ta taso, har tukwane suka yi ƙara: "Cikina na kuka! Saura taku uku inuwa ta sha ruwa!"

Talatu ta firgita ta fasa ihu. Sai ga Gwaggo Ladingo ta shigo tana dogara sanda, Gizo na biye da ita yana zuga.

Gwaggo ta ce, "Ke 'yar nan! Ni za ki tozarta? Uwarki ma ni na yi mata wankan jego. Yau ke ce mai duba aikina?"

Tabawa ta durƙusa har ƙasa, hawaye na zuba. Ta ce, "Gwaggo, ki yi mini rai. Ki bari sai gobe ki zage ni, in ina nan. In ba na nan, ba ki da wadda za ki zaga."

Gwaggo ta buɗe baki za ta ƙara, sai idonta ya faɗa cikin 'yar ƙwarya. Ta sunkuya ta ɗauki ƙaya ɗaya, ta juya ta, ta juya ta. Ta ce a hankali, "Wannan ba ta fito daga hannuna ba." Ta jingine sanda ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Shimfiɗa tabarma, shashasha, rana na tafiya."

Aka baza shinkafa a tabarma. Kaza na gaba tana nunawa da baki, Tabawa da Gwaggo na tsincewa. Farar tsakuwa, farar tsakuwa, farar tsakuwa, har yatsunsu suka yi tsami. 'Yar ƙwarya ta kai rabi.

Gizo ya ce, "To ai ya isa haka! Ko sarauniya za ta ci ai ya isa. Ku ɗora tukunya!"

Muryar ta sake tasowa, ƙasa ta girgiza: "Cikina na kuka! Saura taku biyu inuwa ta sha ruwa!"

Tabawa ta zabura za ta juye a tukunya. Sai Agwagwa ta taho tana rangaji, ta tsaya a gabanta.

Ta ce, "Iska ta ga nata, ido ya ga nasa. Ruwa fa? Abin da ya fi ƙarfin ido, ruwa ke tona shi."

Tabawa ta ce, "Agwagwa, lokaci ya ƙure!"

Agwagwa ta ce, "Wadda ta makara tana iya roƙo. Wadda ke cikin Dodo wa za ta roƙa?"

Tabawa ta ɗauko babbar ƙwarya ta cika da ruwa. Ta dinga regewa, tana juya ƙwarya a hankali, shinkafa na gangarawa gaba, mai nauyi na kwanciya a ƙasa. Da ta tsiyaye, ga yashi jingim. A tsakiyar yashin kuma wani abu na ƙyalli, guntun fasasshiyar kwalba, kaifi kamar aska. Gwaggo ta dafe ƙirji ta yi salati. Da suka waiga, babu Gizo babu alamarsa.

"Cikina na kuka! Saura taku ɗaya!"

Wuta ta kama, tukunya ta tafasa, Tabawa ta tuƙa tuwo kamar hannunta zai cire. Ta kwashe a akushi, ta ɗora a ka. 'Yar ƙwaryar tarkacen nan kuma ta rufe ta da faifai ta riƙe a hannu. Ta gyara goyo ta kama hanya. Duk gidan da ta wuce sai a ja ƙyaure. Ba wanda ya ce mata a dawo lafiya.

Tana isa, inuwar kuka saura kamu ɗaya ta taɓa ruwa. Tafki ya yi tsit, ko kwaɗo ba ya motsi. Sai ruwa ya dare biyu. Kai ya fito, kafaɗu suka fito, wari kamar na mushe ya cika wurin. Dodo ya buɗe baki, ga haƙori ɗaya tal, dogo, rawaya. Bai kalli akushi ba. Goyon ya kalla.

Ya yanki loma ta fari, ya tauna, ya haɗiye. Tabawa na tsaye, ta ƙura wa bakinsa ido.

Ya yanki ta biyu, ya tauna, ya haɗiye.

Ya yanki ta uku, ya suɗe akushi, ya fara taunawa. Sai ya tsaya cak.

Yara, ko iska ba ta motsa ba. Tabawa ta kai hannu baya ta dafe kan Talatu, ta rufe ido. Dodo ya sa yatsa a baki, ya laluba dama, ya laluba hagu. Ya sunkuyo har numfashinsa na dukan fuskarta.

Ya ce, "Ina take?"

Tabawa ta buɗe ido. Ta ce, "Wa, ranka ya daɗe?"

Ya ce, "Tsakuwar. Shekara bakwai ina cin karo da ita. Yau na neme ta na rasa." Ya haɗiye, ya lashe baki. "Wa ya gyara shinkafar nan? Ya fito, kyauta na jiransa."

Ashe Gizo na laɓe a kan kuka, ya zo kallon yadda za a ƙare ya tafi ya kwance akuya. Da ya ji kyauta, sai ya zuro kan zarensa, sulululu.

Ya ce, "Ga ni, babban yaya! Aikina ne! Taikin nan ba ya isa gidan kowa sai ya bi ta hannuna. Ni kaɗai ke ɗaukarsa, kowace shekara!"

Dodo ya ce, "Kowace shekara?"

Gizo ya ce, "Ko fashi ban taɓa yi ba!"

Nan Tabawa ta ji tsoro ya sake ta, wani abu mai zafi ya maye gurbinsa. Ta ɗaga faifai, ta ajiye 'yar ƙwarya a gaban Dodo. Ta ce, "Ga abin da na fitar. Gwaggo ta ce ba daga hannunta ya fito ba. Tsakanin hannunta da nawa kuwa, hannu ɗaya ne. Shi ya ci yayata Yalwa kafin kai ka ci ta."

Dodo ya dubi ƙaya, ya dubi tsakuwa, ya dubi kwalba. Ya sa farce ɗaya ya danne Gizo a ƙasa. Ya ce, "Ga kyautarka. Cinye."

Gizo ya kai lomar fari, ƙas! Ta biyu, ƙas! Ta uku, ƙas, ƙas, ƙas! Haƙoransa suka zube kaf kamar an karkaɗe tsamiya. Da ƙyar ya zame ya haye zarensa, bai tsaya ba sai cikin rufin ɗaki. Shi ya sa har yau gizo-gizo ba ya tauna komai, sai tsotso, kuma ba ya yarda ya sauko inda ake gyaran hatsi.

Tabawa ta koma gida da goyonta. Ta tarar da Gwaggo Ladingo zaune inda ta bar ta, kabar nan a hannunta. Gwaggo ta jefa ta a murhu. Ta ce, "Daga yau babu ƙulli. Ko ni na gyara, mai tuƙawa ta sake dubawa. Wadda ta ji kunyata, ita ce ta zage ni."

Kaka, matan nan bakwai fa? Sun dawo?

Ba su dawo ba. Abin da aka haɗiye ba ya dawowa, shi ya sa ake dubawa tun yana faifai.

To kun ji. Abin da zai shiga cikin mutum ba a jin kunyar duba shi, ko wa ya ce ya riga ya duba. Ki ba iska nata, ki ba ido nasa, ki ba ruwa nasa, sannan ki ba wuta. Hansatu, gobe ke da faifai, ina zaune ina kallonki.

Ƙungurus kan kusu. In kun ga ƙarya a ciki, ku tsince ta ku yar, ku bar mini shinkafata.