Yadda Dariyar Mai Aski Ta Ɗauke

Kai mai karatu, yaushe rabon da ka tambayi kanka da me ka sayi dariyar da ka yi jiya? A jami'a mun sha bayani kan jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, har na cika littafi da ra'ayoyina, amma amsar sai a zauren Malam na same ta, shehinmu masani, mai tsantseni da tawali'u, wanda murmushi ba ya barin fuskarsa ko yana gyara wa ɗalibi kuskure na goma, Allah Ya ƙara masa yarda.

Akwai wani mai aski a layinmu da shagonsa ke cika saboda barkwanci, kuma abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne kwaikwayon tafiyar wani ɗan dako mai ɗingishi da ke wucewa kullum da kaya a ka. Ran nan yana cikin kwaikwayon, almakashi a hannu, ya buɗe baki zai ƙyalƙyale, sai iska kawai ta fito. Daga ranar dariya ta ɗauke masa ɗif, fuska ta daskare, har 'yarsa mai shekara biyu ta koma tsala ihu duk lokacin da ya miƙo hannu zai ɗauke ta.

Matarsa ce ta sha wahalar. Wata biyu tana jan sa daga wannan likita zuwa wancan, an auna jini, an leƙa maƙogwaro, an ce lafiyarsa ƙalau. Ta kira ƙaninta sarkin shaƙiyanci, ya yi har ya gaji. Ta ma gwada yi masa cakulkuli, ya dube ta kamar mai karɓar gaisuwar mutuwa.

"Baban yarinya, ni fa na gaji," in ji ta. "Da bakinka ya hana mu sakat, yanzu shirunka ya hana mu. Sa takalminka mu je wurin Malam."

Sun tarar da Malam yana ɗinke bangon wani tsohon littafi. Tana shirin zazzage bayanin da ta tsara tun daga gida, sai shehin, Allah Ya jiɓinci al'amarinsa, ya dubi mijin ya ce a natse, "Abin da kake nema yana wurin mai ɗingishin nan. Gobe ka ɗaukar masa kayansa."

Babu wanda ya taɓa gaya wa Malam zancen ɗan dako. Amma ita a lokacin haushi ne ya cika ta: ba addu'a, ba komai, sai dako? Duk da haka da safe ta tasa shi gaba, yarinya a hannunta, tana mita har bakin kasuwa.

Da ɗan dakon ya ji abin da ya kawo su, sai ya aza wa mai aski buhun fulawa a ka. Taku bakwai mai aski ya yi, ƙafafunsa lafiyayyu suka harɗe, ya zube, buhu ya fashe, ya tashi fari fat sai idanu.

Ɗan dako ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. "Maigida, shekara ashirin da ƙafa ɗaya da rabi ban taɓa zubar da kayan mutane ba. Sake yi in koya."

Sai matar ta ji wata ƙara kamar tsohuwar ƙofa, kafin ta gane mijinta ne. Yana dariya yana hawaye yana cewa "Yafe mini, baba," yarinyar kuwa ta zame daga hannun uwar ta je tana shafa fulawar gemunsa.

Da aka kai wa Malam labari, abin da ya ce kawai shi ne, "Dariyar farko ƙwace ta ya yi. Wannan kuwa kyauta aka ba shi."

Allah Ya ɗaukaka darajar wannan bawa Nasa, Ya sa mu cikin albarkarsa. Kai kuma, ka tuna wanda kuka yi wa dariya a bayan idonsa makon nan. Ka san inda yake zama. Tashi ka je.