Haɓar Kadar Dagaci

Babana Tanimu, Allah ya jiƙansa, maɗinkin hula ne. Wata rana dagaci ya kira shi.

"Tanimu, ka san haɓar kada?"

"Hular nan mai kunnuwa biyu, ranka ya daɗe. Ana sauke su a rufe na mutum in ana sanyi."

"Ɗinka mini wadda za ta tare zagi, ta bar yabo ya shiga. In ka kasa, ka bar garin nan."

Bayan kwana uku Baba ya kai hula a gaban jama'a, dagaci ya sa, ya sauke kunnuwanta.

"Allah ya ja zamaninka!" in ji Baba.

"Na ji wannan."

Sai Baba ya yi ta motsa baki ba sauti, har da nuna yatsa.

"Me kake yi?"

"Zaginka nake, ranka ya daɗe, har kakanni."

"Ni? A ɗaure shi!"

"To, maimaita wa jama'a abin da ka ji. In ka ji, hula ba ta yi ba, in tattara kayana. In ba ka ji ba, ɗaurin na mene ne?"

Dagaci ya shafa hula, ya ce a ƙaro masa irinta biyu.

Bara muka binne Baba. Tasa hular tana wajena. Ko na sauke kunnuwanta, dariyarsa nake ji.