Jan Kifin Habila

Akwai wani mutum mai suna Habila, wanda da ya yi ritaya ya sayi akwatin gilashi ya ajiye a falonsa. Ya cika shi da ruwa, ya shimfiɗa tsakuwa a ƙasa, ya zuba ƙananan kifaye masu launi iri-iri. A cikinsu akwai wani ja, ya fi sauran girma, wutsiyarsa kamar mayafin siliki. Duk baƙon da ya shigo, shi yake fara yabawa. Habila kuwa ya ƙaunace shi ƙwarai.

Ba a daɗe ba, ƙananan suka soma mutuwa. Yau a tarar da ɗaya ya juya ciki sama, jibi wani. Habila ya ce ruwan famfo ne, ya koma ɗebo na rijiya. Suka ci gaba da mutuwa. Ya sake musu abinci, bai hana ba. Ya je kasuwa ya zazzage mai sayar da kifin, ya ce masu ciwo ya ba shi, ya sayo wasu a wani wuri. Su ma suka bi sahu.

Sai ya juya kan mutanen gidansa. Ya hana fesa maganin sauro, ya hana turaren wuta. Ya ce wa matarsa Afiniki, "Ke ce kike taɓa gilashin da hannun sabulu."

Ta ce, "Maigida, ni ban taɓa ba. Amma ina shara na ga jan nan yana korarsu, yana cizonsu, ya hana su abinci. Dubi wutsiyar waɗanda suka mutu, duk a yage."

Ya ce, "Tun ranar da na kawo shi ba kya sonsa. Kada ki ƙara yi mini wannan magana."

Akwai maƙwabcinsa Gidiyon, abokinsa tun suna samari, wanda yakan shigo da yamma su zauna suna kallon kifin. Habila ya ce a ransa, ai tun da mutumin nan ya fara zuwa ake mutuwa. Ya faɗa masa a gaban mutane cewa bakinsa ne ya kama kifin. Gidiyon ya ɗauki hularsa ya fita, bai sake taka gidan ba.

Wata Lahadi zazzaɓi ya hana Habila zuwa sujada. Yana zaune shi kaɗai, gida shiru, sai ya ga jan kifin ya tasa wani ƙarami a gaba, ya matse shi a lungu, yana ta cizonsa har ya daina motsi. Da idonsa ya gani.

Ya tashi, ya ɗauki 'yar ragar kamun kifi, ya tsamo jan. Ya tsaya riƙe da shi, hasken taga yana dukan jikinsa, yana ta ƙyalli. Ya tuna yabon baƙi. Ya tuna abin da ya faɗa wa matarsa, da abin da ya yi wa Gidiyon, da yawan haƙurin da zai bayar in ya yarda. Sai ya mayar da shi cikin ruwa.

Da Afiniki ta dawo, ta ga mataccen kifin, ta ga ragar a jiƙe a kan tebur. Ta ce, "Maigida, me ya faru?"

Ya ce, "Ruwan ne."

Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa, sa'an nan ta wuce ɗaki. Daga ranar ba ta ƙara gaya masa abin da ta gani ba, ko a kan kifi, ko a kan wani abu. Ƙananan suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Aka bar Habila da jan kifinsa, yana zuba masa abinci safe da yamma, a falon da ba mai zama tare da shi.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Akwatin gilashin gidanka ne. Ƙananan kifayen kuwa su ne abubuwan da ba su da ƙarfin kāre kansu: amincewar matarka, sakin jikin 'ya'yanka a gabanka, zumuncin maƙwabci. Jan kifin shi ne zunubin da kake kiwo saboda yana yi maka kyau. Na wani kaifin harshe ne, yana kiransa faɗin gaskiya. Na wani girman kai ne, mutane ma suna yaba masa a kai.

Mukan zo wurin fasto mu ce, "Ban san abin da ke cin gidana ba." Mu zargi mata, mu zargi maƙiya, mu yi azumi a kan maƙwabta. Da farko Habila bai sani ba, wannan kuwa Allah yana jin tausayinsa. Amma ranar Lahadin nan ya sani. Abin yana cikin ragarsa, hannunsa ne ya mayar da shi.

Da yawa a cikinmu, Ubangiji ya riga ya nuna mana namu. Wanda yake riƙe da nasa yau, kada ya tsaya kallon kyansa. Ya fitar da shi tun da sauran masu rai a cikin ruwan.