Igiyar Gari da Rijiya Mai Tambaya

"Ga ta nan, ga ta nanku. Ku matso, ta yau ba a faɗinta da ƙarfi."

"Ta zo mu ji ta, Iya!"

Iya Tasalla ta ɗago ta harare ni. "Kai kuma maigida, shekara tara kana yawon duniya, ka dawo kana ta zirga-zirga kamar an zuba maka ƙaiƙayi. Ko ka zauna ko ka ba mu wuri." Jikokinta suka yi mini dariya, na zauna. Ga yadda ta faɗe ta.

Wani gari ne na dabbobi, can inda ƙasa take fara zama yashi. Rijiyarsu ɗaya, igiyarsu ɗaya. Igiyar nan ba ta kowa ba ce, ta gari ce. Kowace kaka in an yanke rama, kowane gida sai ya tufka kamu ɗaya ya kawo a ƙulla. Giwa kamu ɗaya, Raƙumi kamu ɗaya, Kurciya kamu ɗaya. In ramarka ba ta yi ba, maƙwabci ya sam maka, amma tufkar da hannunka za ka yi ta. Haka suka tarar ana yi, har igiyar ta yi tsawo, sauranta yana naɗe a gindin tsamiya.

Rijiyar nan kuwa tana magana. Da rana tsaka, lokacin da inuwar kowa ta shige ƙarƙashin ƙafarsa, iska ta tsaya cak, sai a ji muryar wata tsohuwa daga can ƙasa:

"Kowa ya sha?"

Wanda ya ja guga na ƙarshe shi zai leƙa ya amsa, "Kowa ya sha, Iya." Sai ruwan ya yi ɓul-ɓul ya ƙaru. Babu wanda ya taɓa ganin tsohuwar, babu kuma wanda ya so ganinta.

Ana nan, ana nan, sai sama ta canja hali. Damina mai wata biyar ta koma uku. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin, a fito da kwanoni, ya wuce abinsa. Ranar da ya ga dama kuma ya juye ruwan wata guda a yini ɗaya, ya kwashe shuka. Masu gona a jigawa ramarsu ta ƙone tun tana ƙarama. Giwa da Raƙumi kuwa a fadama suke, tasu kore shar. Shekara biyu su suke raba wa gari rama.

Gizo ya ga haka, ya je ya faɗi a gaban Giwa. Kun san shi da tsamin baki.

"Yanki ya daɗe, abin nan yana ba ni kunya. Yamayki ce a hannun kowa, amma kina tsaye a yana kina jiyan Bushiya ta gama jan yuwa?"

Giwa ta ce, "Haka muka gada, Gizo."

"Da can da ake yuwan sama ba. Yanzu kowa ya kama igiyaysa."

Maganar ta kwana a ran Giwa, ta wayi gari a bakin Raƙumi. Aka tara gari a gindin tsamiya. Tsohuwa Bushiya ta miƙe ta ce, "Ku bar igiyar nan yadda take. Kakata da hannunta a ciki." Gizo ya ce to ai shi ke nan, ta ɗauki hannun kakarta ta tafi da shi gida. Aka yi dariya, aka kwance ƙulle-ƙullen, aka raba daidai wa daida. Ranar nan ta kowa ta kai ruwa, kowa ya yaba wa Gizo. Giwa ta ɗauke shi mai jan ruwanta, ladansa tulu guda. Da yake randunan Giwa ba sa cika da wuri, kullum shi ne na ƙarshe a bakin rijiya.

Shekara ta kewayo, damina ta sake gazawa, ruwa ya ja ƙasa. Giwa ta ƙara kamu goma, Raƙumi ya ƙara bakwai. Kurciya ba ta da abin ƙarawa. Ta zura gugarta, ta dawo a bushe. Ta sake zurawa, a bushe. Ta uku ma a bushe.

Ta ce, "Malam Gizo, don Allah ara mini taka. 'Ya'yana uku tun jiya ba su sha ba."

"Ba tawa ba ce, baiway Allah, ta Giwa ce. Ni ɗan aiki ne."

Rana ta take tsaka. Iska ta tsaya.

"Kowa ya sha?"

Gizo ya dubi Kurciya da tulunta a kife, ya dubi nasa cike fal. Ya leƙa.

"Kowa ya sha, Iya."

Ba a ji ɓul-ɓul ba. Aka ji wani abu kamar mutum ya haɗiyi yawu, ruwan ya yi ƙasa. Washegari aka tarar da gidan Kurciya a buɗe, igiyarta rataye a ƙofa, ba ita ba 'ya'yanta.

Gari ya yi jimami na kwana biyu, kowa ya koma neman abin da zai ƙulla wa tasa igiyar. Giwa kuwa da ruwan rijiyar take ban ruwan ramarta. Ramar ta yi, igiya ta ƙara tsawo. Igiya ta ƙara tsawo, ruwa ya ƙara zama nata. Zomo da Kurege suka bar gonakinsu suka koma yi mata noma don su sami na sha.

Shekara ta biyu, gugar Bushiya ce ta dawo a bushe, sau uku.

"Gizo, tun kana rarrafe na san ka. Guga ɗaya kawai."

"Inna, ki je ki tambayi hannun kakayki."

Rana ta take tsaka. Iska ta tsaya. Amma yau murya biyu ce ta taso, ta tsohuwar da wata siririya a bayanta. Gizo ya san muryar. Ta Kurciya ce.

"Kowa ya sha?"

Duk da haka ya ce, "Kowa ya sha." Ruwa ya sake yin ƙasa. Da safe gidan Bushiya a buɗe, igiya a ƙofa.

Ƙoƙi matar Gizo ta ce, "Malam, ruwan da kake kawowa ɗanɗanonsa ya canja. Gishiri-gishiri yake yi kamar hawaye."

Ya ce, "Ki sha ki yi shiyu."

Shekara ta uku aka zo kan Gafiya. Shi bai ma roƙa ba. Ya zura sau uku, ya naɗe igiyarsa, ya tsaya yana kallon Gizo har rana ta take tsaka. Murya uku ta yi tambayar. Gizo ya rufe ido ya amsa yadda ya saba. Da safe gida na uku a buɗe.

To, a shekara ta huɗu sai ga gugar Giwa ta fito a bushe ƙayau. Aka ƙara kamu goma, a bushe. Aka ƙara ashirin, a bushe. Aka ƙulla ta Raƙumi gaba ɗaya, a bushe. In an jefa dutse ana jin tsulum ɗinsa kusa-kusa, amma guga ba ta taɓa ruwa. Da rana tsaka kuma aka yi shiru, rijiya ba ta yi tambaya ba. Shirun nan ya fi muryar ban tsoro.

Giwa, harshenta ya bushe, ta ce, "Gizo, kai ka kawo shawara. Kai za ka sauka ka gano mana."

"Yanki ya daɗe, ƙuguna yana ciwo."

"A ƙugun za a ɗaura."

Aka ɗaura masa igiya aka zura shi. Ya ɗaga kai, bakin rijiya kamar faifai. Aka ƙara zurawa, ya koma kamar bakin ludayi. Aka ƙara zurawa, ya koma kamar kafar allura. Igiya ta ƙare. Ga ruwa nan a ƙarƙashinsa yana ƙyalli, saura kamu uku cif.

Ya leƙa don ya ga fuskarsa, bai gan ta ba. Fuska uku ce a cikin ruwan tana kallonsa: Kurciya, Bushiya, Gafiya. Ba sa ƙiftawa. A tsakiyarsu wata tsohuwa tana zaune a kan ruwan kamar kan tabarma, furfurarta ta bazu har bango, tana murza tafin hannu a cinya kamar mai tufka, alhali babu komai a hannun.

Ta ce, "Gizo. Kowa ya sha?"

Karo na farko a rayuwarsa bakinsa ya ƙi ƙarya. "A'a, Iya."

"Na sani."

"Iya, kamu nawa za mu ƙaya? Giwa tana da yama cike da yumbu."

"Ko kun kawo wadda ta kewaye duniya, kamu uku za ta rage. Ni ba tsawo nake aunawa ba, ɗana. Hannuwa nake shafawa. Hannu uku babu a igiyar nan."

Aka jawo shi sama. Kun san halin Gizo. Ya ɓuya a bayan rumbu ya tufka kamu uku da kansa, ya ce ai ga aikin mutanen nan ya tsinto. Aka ƙulla, aka zura. Guga ta fito, ba ruwa a ciki, sai kamu ukun nan a warware, an naɗe su tsaf an ajiye a gindinta. Ƙoƙi ta ɗora hannu a ka ta faɗa wa gari duk abin da mijinta yake faɗi cikin barci: sai Kurciya da Bushiya da Gafiya sun tufka da hannunsu.

Sai Giwa ta ce a je a nemo su. Raƙumi ya ce a aiki Zomo. Giwa ta ce a'a, ita za ta je da ƙafarta, Gizo a gaba.

Suka sami Gafiya a bayan wani birni yana haƙa wa mutane ramuka a ba shi abinci. Ya karkaɗe jikinsa ya biyo su.

Suka sami Bushiya a wani ƙauye tana tsintar ƙwayar hatsi a masussuka. Giwa ta durƙusa.

Bushiya ta ce, "Ikon Allah. Ashe gwiwar nan tana lanƙwasuwa?"

"Inna, ƙishirwa ce ta lanƙwasa ta. Ki yafe."

"Zan zo, amma ba don ke ba. Igiya ɗaya, kamar da. Fadamar kuma kowa ya sami kunya biyu ta rama."

Giwa ta haɗiyi abin da babu a bakinta ta ce ta yarda.

Kurciya ce suka daɗe suna nema. Ran kwana na bakwai, da rana tsaka, suka iso wata busasshiyar aduwa a tsakiyar fili. A gindinta ga 'yan tsibin ƙasa guda uku a jere, ƙanana. Ita tana kan reshe, ta ba su baya.

Giwa ta yi sallama, shiru. Bushiya ta kira sunanta, shiru. Gizo ya ce, "Baiway Allah, ki zo ki tufka kamu ɗaya kawai."

Ta juyo. Idonta ja wur. Ba ta dubi kowa ba sai shi.

"Kowa ya sha?"

Ta tashi sama, ba su ƙara ganin inda ta yi ba.

Suka dawo gari. Kowa ya kawo igiyarsa aka ƙulla, Gafiya ya tufka nasa, Bushiya ta tufka nata. Aka zura Gizo da guga a hannu. Saura kamu ɗaya. Yana jin sanyin ruwan a fuskarsa, a sama yana jin kukan 'ya'yan gari.

Ya ce, "Iya, ba za ta dawo ba. Yaya za mu yi?"

Tsohuwar ta daina murza hannu. "Wa ya amsa a madadinta?"

"Ni ne."

"To kai za ka cike mata."

Ta miƙo hannu, hannun ya yi ta tsawo har ya iso shi. Yatsanta sanyi ƙalau. Ta taɓa cikinsa ta jawo wani zare fari siriri, ta ɗaura a bakin igiya. Gizo ya ji ana zare shi daga ciki. Ya sauka a kan zaren cikinsa, kamu ɗaya, guga ta ce tsulum.

Ranar nan kowa ya sha. Sama dai ba ta dawo da halinta na da ba, har yau. Amma sun koma igiya ɗaya, suka yi gayya suka haƙa 'yan ramuka a jigawa don ɗan ruwan da ya zubo ya tsaya ya shiga ƙasa. Gizo kuwa kullum sai ya sauka ya cike kamun nan da cikinsa. Shi ya sa kuke ganinsa yana lilo a kan zare, ƙugunsa ya tsuke, yana sauka yana hawa, ba hutu.

Ladidi, ƙaramar cikinsu, ta ce, "Iya, Kurciya ba ta dawo ba?"

"Gobe da rana tsaka, in gari ya yi tsit, ki kasa kunne wajen tsohuwar rijiyar unguwa. Za ki ji ta. Har yanzu tambaya take yi."

Iya ta gyara zaninta ta ce, "Abin da nake so ku riƙe ke nan. In sama ta hana, kada ku raba igiya, don ranar da ta maƙwabcinka ta gaza, taka ma ta fara gazawa, ba ka dai sani ba ne. Kuma kada ka taɓa cewa kowa ya sha alhali kana kallon tulun wani a kife. Wanda ya tafi ana iya zuwa a roƙe shi ya dawo, amma ba kowa ne ake samu ba."

Kungurus kan kusu, kusun ma bai bar bakin rijiya ba sai da na bayansa ya sha.